Yawon kallon rumbunan fenti: Ohayo, Wiskonsin, Karolina ta Arewa ko Ontariyo, ina ya kamata ka kai iyali?

Duk wanda ya taɓa tuƙi a karkarar Amurka zai gane abin da nake nufi. Kana tafe tsakanin gonakin masara da waken soya sai ka hango wani ƙaton gini na katako, ja ko baƙi, a goshinsa an kafa wani allo mai kusurwa huɗu da zane kala-kala kamar an yanko shi daga jikin bargo. Ni na yi kusan shekara biyu ina wuce su da tirela ina zaton tambarin kamfanin taki ne ko na iri, sai daga baya na gane ashe abin yawon buɗe ido ne guda, har da taswira ake bugawa mutane su tashi takanas su bi hanya suna kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ginin nan zan riƙa ce masa rumbu don sauƙi, amma ba irin rumbunmu na ƙasa ba ne, ɗaki ne babba da ake ajiye ciyawa da shanu da tarakta, wani ya fi gidan mai gonar girma nesa ba kusa ba. Zanen kuma daga bargon haɗin ƙyalle aka ɗauko shi, wanda su ke ce wa kwilt, matan karkara ne ke yanka ragowar yadi su haɗa su ɗinka, kuma kowane zane da sunansa: Tauraron Ohayo, Bukkar Katako, Sawun Beya, Tashin Dinya, har da wani mai lauje-lauje da suke kira Tafiyar Mashayi. Kamar dai yadda mai ɗinkin babbar riga zai ce maka wannan aska biyu ce wannan aska takwas. Allon galibi ƙafa 8 ne tsawo ƙafa 8 faɗi. Abin bai ma daɗe ba, a 2001 aka fara shi a gundumar Adams ta jihar Ohayo, wata mata Donna Sue Groves ce ta kawo shawarar don ta karrama mahaifiyarta Maxine wadda gwanar ɗinkin bargon ce, maƙwabta suka ce to ai gara a yi guda 20 a warwatsa cikin gunduma ko baƙi sa zo su kashe kuɗi. Yau abin ya bazu sama da jihohi 40 ya tsallaka har Kanada.

Dalilin rubutun nan, wani ɗan'uwa ne surukansa za su zo ganin jika, ya ce ya gaji da kai baƙi kanti da manyan gine-gine, yana so su ga ƙauyen Bature, to ina zai nufa? Guda huɗu na sani sosai, su zan jera. Amma kafin nan ga ma'aunin da nake amfani da shi, don in ka biye wa tallan da kowace gunduma ke yi wa kanta, kowa cewa zai yi shi ne ya fi yawan alluna, kuma wallahi bayan allo na goma sha biyar yaran da ke baya sun koma kan waya, kai ma idonka ya fara gajiya. Yawan allo shi ne na ƙarshe a lissafina.

Abin da nake dubawa guda biyar ne. Na farko kuɗi. Kallon kansa kyauta ne a ko'ina, babu get babu tikiti, kuɗin yana tafiya ne a mai da wurin kwana da hayar mota in ba ka da taka. Man ma ba wani abu ba ne, motar da ke cin galan ɗaya a mil 30 in ta yi zagayen mil 120 galan 4 ke nan, kuma a 2024 da 2025 galan yana yawo wajen dala 3 ne a waɗannan jihohin, to kaga otal ne ke yanka mutum ba gidan mai ba. Na biyu ƙarko, wato shin abin da ke kan taswira yana nan da ransa ko rana da ruwa sun cinye fentin ko rumbun ma ya faɗi. Na uku sauƙin hanya da samun netwok. Na huɗu haɗari. Na biyar abin da ke gefen hanya: me za a ci, ina za a yi sallah, me zai riƙe yara da tsofaffi.

Adams, jihar Ohayo

Nan ne tushe, kuma ni nan ne ya fi kusa da ni don daga Kolombus awa biyu ne, daga Sinsinati kuma awa ɗaya da 'yan mintuna ta babbar hanya mai lamba 32. Kuɗi kam nan ne mafi araha don ba sai ka kwana ba, ka fita bayan asuba ka dawo kafin isha, kula ɗaya ta shinkafa da filas ɗin shayi sun gama magana.

Wajen ƙarko ne sai an yi haƙuri. Su ne tsofaffi, sun haura shekara ashirin, kuma na farkon da dama a jikin katakon rumbun aka shafa su kai tsaye ba a kan allo daban ba, to duk abin da ya sami rumbun ya sami zanen. Rumbunan yankin da yawansu na shanya taba ne, kuma tun da gwamnatin tarayya ta soke tsarin kason noman taba a 2004 ta biya manoma, da yawa suka bar noman, rumbun da ba ya kawo kuɗi kuwa wa zai kashe masa kuɗin rufi? Na taɓa bin wata tsohuwar taswira da na kwafo, minti ashirin muna hawa da sauka kan wata siririyar hanya, muka isa babu komai sai tarin katako da ciyawa ta rufe, uwargida ta dube ni ta ce to Alhaji ina bargon? Ban da amsa. Amma kuma a ranar ne muka tsaya gaban wani baƙin rumbu wanda katakonsa ke da tsaga-tsaga don iska ta ratsa ganyen taba, hasken yamma yana shiga ta tsagar yana sauka a ƙasa layi-layi, tauraron da ke jikinsa jan ya koɗe ya koma kalar tubali, farin ya yi toka-toka, ƙusoshi sun yi tsatsa sun zubo da jan layi ta tsakiyar zanen. Ni dai ya fi min sababbin masu sheƙi kyau, amma wannan ra'ayina ne, mai son hoto mai ɗaukar ido zai ce an cuce shi.

Hanya tana da tudu da gangare da kwana amma ba na tsoro ba, duk wanda ya saba tuƙi zai iya. Netwok yana ɗaukewa a cikin kwari, don haka ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun daga gida. Haɗarin da ya fi shi ne keken dokin mutanen Amish, wasu Kiristocin karkara da ba sa tuƙa mota, da ke zaune wajen Wheat Ridge, baƙi ne wuluk, tafiyarsa ba ta wuce ta mai sassarfa ba, kana hawo tudu da gudu sai ka gan shi a hancinka. Ka rage gudu a duk tudun da ba ka ganin bayansa, kuma dan Allah kada a danna wa doki hon.

A gefen hanya kuwa Adams ta yi zarra. Akwai Serpent Mound kusa da garin Peebles, tudun ƙasa ne da 'yan asalin ƙasar suka gina tun kafin zuwan Turawa da siffar maciji, tsawonsa ya haura mita 400, kuɗin fakin kawai ake biya. Akwai shagunan Amish na burodi da kayan katako, amma ranar Lahadi a rufe suke, kuma ba sa son a ɗauki fuskarsu hoto. Ka tambaya kafin ka sayi fanke ko kek ɗinsu don wasu da kitsen alade ake yi, za su gaya maka gaskiya ba sa ɓoyewa. In ka gangaro kudu kuma hanya mai lamba 52 tana bin bakin kogin Ohayo, kana hango Kentaki a tsallake.

Shawano, jihar Wiskonsin

In yawa kake so to nan ne. A 2010 suka fara, yanzu sun haura 300 a gunduma ɗaya, har suna kiran kansu babban birnin abin a jihar. Daga Green Bay minti arba'in ne ta hanya mai lamba 29, daga Shikago kuma ka ware awa huɗu, to mutumin Shikago sai ya kwana. Wurin kwana ba tsada a yawancin lokaci, sai dai akwai tarko ɗaya da na faɗa ciki: duk ƙarshen makon da ƙungiyar ƙwallon Packers ke wasa a gida, ɗakin kwana a duk zagayen Green Bay tashi yake kamar farashin rago ana gobe sallah. Wani ƙaramin otal da na saba sauka in na kawo lodi ya nemi kusan ninki uku a wajena, ɗakin nan dai da na sani da fanka mai ƙara. Duba jadawalin wasansu kafin ka sa rana, daga Satumba zuwa farkon Janairu.

Ƙarko nan babu laifi ko kaɗan, a kan allo aka yi su, girmansu ɗaya, fentin waje mai kyau, kuma akwai masu kula. Wanda ke fuskantar kudu dai rana tana cinsa fiye da sauran, wannan ko'ina haka yake. Abin da zai iya canja hoton nan gaba shi ne rumbunan kansu, don gonakin madara a Wiskonsin raguwa suke, a 2004 sun kusa 16,000 yanzu ba su kai 6,000 ba, ƙananan suna rufewa manyan suna haɗiye su, kuma babbar gona ta zamani dogon shago na kwano take ginawa ba jan rumbu mai doron rufi ba.

Tuƙi a nan kamar shan ruwa. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya da 'yan tuddai, hanyoyi a miƙe, kwalta lafiyayya har ƙofar gona saboda motar ɗaukar madara dole ta shiga kullum. Abu ɗaya da ke rikita baƙo, hanyoyin gunduma da harafi ake sa musu suna ba lamba ba, sai ka ji waya ta ce ka shiga hanyar B ko hanyar MM. Ko matar da ta karɓi lasisi bara za ta iya wannan zagayen. Haɗari biyu ne, barewa da sanyi. Barewa daga Oktoba zuwa Disamba, musamman Nuwamba, da asuba da kuma dab da magariba, in ka ga ɗaya ta tsallaka ka taka birki don ta biyu na biye. Kuma a satin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba akwai farautar barewa da bindiga ta kwana tara, daji ya cika da masu rigar lemo, ba lokacin tsayawa bakin gona da kyamara ba ne. Daga Disamba zuwa Maris kuwa ƙanƙara ce, ka bar wa 'yan gari.

Nan na kai surukata, kuma har yau tana zancen. Mun tsaya gaban wani jan rumbu da dogon silo, wato hasumiyar ajiyar abincin shanu, a gefensa, ta sauke gilas, warin kashin shanu ya daki motar, yara suka toshe hanci ita kuwa ta ja numfashi ta ce kai, yau na zo gida. Ta fito ta tsaya da mayafinta tana kallon shanun nan masu baƙi da fari, ta ce nonon saniya ɗaya a nan ai ya isa ruga guda, sannan ta ɗaga kai ta dubi allon ta ce wannan ai aikin hula ne suka ƙara masa girma. Daga nan duk wanda muka wuce sai ta raɗa masa suna. Abin ci, cuku ne ko'ina, akwai wani ɗanye 'yan gutsi-gutsi mai ƙara a haƙori yara suna sonsa. Tsiran naman da suka shahara da shi na alade ne, soyayyen kifin ranar Juma'a kuma sau da yawa da barasa ake kwaɓa fulawar, sai ka tambaya. Masallaci da naman halal sai Green Bay. In ka zo a Afrilu ana taruwa a bakin dam ɗin kogin Wolf cikin garin Shawano kallon wasu manyan kifaye da ke hawowa yin ƙwai, wani ya kai tsawon mutum. A ƙarshen Satumba kuma suna da ranar zagayen allunan a kan keke.

Yancey da Mitchell, Karolina ta Arewa

Wannan ita ce mafi kyau a ido, kuma ita ce mafi wuya, biyun tare suke zuwa. Duwatsu ne, cibiyar abin garin Burnsville, minti arba'in da biyar daga Asheville, kusan awa uku daga Greensboro inda 'yan'uwanmu na Nijar suke da yawa. Alluna sun haura 200 a gundumomin biyu, amma ka sani ba duka ne a jikin rumbu ba, wasu a shago suke wasu a coci wasu a gidan mutum, girmansu ma ba ɗaya ba, kuma kowanne an haɗa shi da labarin iyalin ko na wurin. Wanda ke son karanta tarihin kowane allo zai ji daɗin nan fiye da ko'ina. Wanda kuma rumbu zalla ya zo gani zai ɗan yi tsaki.

Kuɗi ya danganta da wata. Oktoba lokacin da ganye ke juyewa ja da rawaya duk Amurka nan take tahowa, ɗaki ya yi tsada kuma sai ka kama tun da wuri. Mayu da Yuni sun fi sauƙi kuma dajin kore shar. Man ma motarka za ta fi sha saboda hawa.

Maganar ƙarko a nan ba ta fenti ba ce kawai. A ƙarshen Satumban 2024 guguwar Helene ta sauke ruwan da ya yi wa waɗannan gundumomi biyu mummunar ɓarna, koguna suka cika suka tafi da gadoji da gidaje da hanyoyi, garin Spruce Pine na bakin kogi ya sha sosai, an rasa rayuka. Duk taswirar da aka buga kafin wannan lokacin ka riƙe ta da hannu biyu amma kada ka rantse da ita. Shahararriyar hanyar kan dutse ta Blue Ridge Parkway ma ta yanke a wurare da dama an yi ta buɗe ta kashi-kashi, don haka ka duba shafin hukumar gandun daji ta ƙasa a daren da za ka tashi ba sati biyu kafin nan ba. Mutanen wurin suna son baƙi su dawo don da yawon buɗe ido suke ci, in ka je ka sayi wani abu a shagunansu.

Tuƙi kuwa, ni da nake jan tirela nake gaya maka, ka girmama dutsen nan. Hanya mai lamba 80 da ke hawa zuwa Parkway kwana ce kan kwana kamar hanjin akuya, wani wurin babu kafaɗar da za ka raɓa ka ɗauki hoto, kana ganin allon ka wuce shi don babu wurin tsayawa kuma wani ɗan gari da a-kori-kura ya manne maka a baya. Wajen gangara ka sa mota a ƙaramar giya, kada ka kwanta kan birki. Na yi wannan kuskuren da motar gida cike da mutane, ni da na fi kowa sani, sai da muka ji ƙauri na tsaya kusan rabin awa birki ya huce, ƙaramar 'yata kuma ta mayar da duk abin da ta ci a kan kujera. In kana da mai jiri ko tsohuwa mai hawan jini ka yi tunani sau biyu. Hazo yana sauka ba sallama, Parkway ba a wuce mil 45 a awa a kanta kuma babu gidan mai sai ka sauka, da sanyi kuma rufe ta ake yi. Ladan wahalar shi ne dutsen Mitchell, mita 2,037, babu wanda ya kai shi tsawo a gabashin kogin Misisipi, kuma mota tana kai ka kusan ƙoli. Ka tafi da rigar sanyi ko a Yuli ne. Abinci a karkarar nan alade ya shiga kusan komai, har wake da ganye da shi ake dafawa, to kular abinci daga gida dai, ko kifi. Masallaci akwai a Asheville.

Prince Edward, lardin Ontariyo

Wannan na mutanen Toronto ne da Ottawa. Awa biyu da rabi gabas da Toronto ta hanya mai lamba 401, wuri ne kamar tsibiri a cikin tafkin Ontariyo, garuruwansa Picton da Bloomfield da Wellington. Alluna sun haura 100, ba su tsufa sosai ba, a tsaftace suke. Hanya lafiya lau, a kwance, netwok bai cika ɗaukewa ba, sai dai ka tuna a nan kilomita ake rubutawa, in ka ga 80 ba mil ba ne. Haɗarin bai wuce masu keke da suka cika hanya da rani ba, da kuma cewa yankin na gonakin inabi ne ana yawon ɗanɗana barasa, da yamma ka sa ido kan motar da ke gabanka.

Tsada ce matsalarta. Wurin hutun masu kuɗin Toronto ne, Yuli da Agusta ɗakin kwana sai ka riƙe baki, mai kuma da lita ake sayarwa kuma ya fi na Amurka tsada. Dabara ita ce ka kwana a Belleville a bakin 401, ya fi sauƙi kuma akwai masallaci, da safe ka tsallaka gada. Abin da take da shi wanda sauran ba su da shi shi ne Sandbanks, bakin ruwa da tuddan yashi, yara su yi wanka har su gaji, amma da rani sai ka yanki izinin shiga ta intanet tun kafin ranar in ba haka ba a mayar da kai daga get. Akwai kuma jirgin fito na Glenora da ke tsallakar da mota kyauta, minti kaɗan ne amma yara sun fi tuna shi fiye da duk allunan.

Mai zuwa daga Amurka, maganar boda ce. Mai girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka, fasfo da katinsa sun isa. Ɗalibi ko baƙo mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai da bizar Kanada daban, kuma ka tabbatar da maganar dawowarsa Amurka kafin ku tsallaka. Motar haya ma sai ka gaya wa kamfanin. Wanda ke wajen Ditroit akwai wani layin allunan mafi kusa a Wardsville tsakanin London ta Ontariyo da Chatham, alluna 30 da aka yi a 2010 suna ba da tarihin wanda ya kafa garin.

Jihar Ayowa ma tana da su da yawa, gundumar Grundy ta fara tun 2003, amma masara ce iya ganinka, in ba a can kake zaune ba ban ga abin da zai sa ka yanki tikiti ba.

| Ma'auni | Adams | Shawano | Yancey da Mitchell | Prince Edward |
|---|---|---|---|---|
| Yawan alluna | kaɗan, an fara da 20 | sama da 300 | sama da 200 | sama da 100 |
| Kuɗi | mafi araha | matsakaici, ban da ranar wasa | tsada a Oktoba | mafi tsada da rani |
| Ƙarko | wasu sun koɗe, wasu babu | mai kyau | a bincika bayan ambaliyar 2024 | mai kyau |
| Tuƙi | tudu da kwana, ana iyawa | mafi sauƙi | mai wuya | mai sauƙi |
| Haɗari | keken doki, barewa | barewa, ƙanƙara | gangare, hazo, hanya a rufe | masu keke, boda |
| Lokaci | Mayu zuwa Oktoba | Yuni zuwa farkon Oktoba | Mayu, Yuni, Oktoba | Yuni, Satumba |

Akwai haɗari ɗaya da ban sa a tebur ba don ya shafi duka huɗun, kuma ya fi barewa muhimmanci. Rumbunan nan dukiyar mutane ce, a cikin gonarsu suke, an sa allon ne a gani daga titi. Kada ka karya kan mota ka shiga harabar gidan wani don hoto ya fi fitowa, kada yara su tsallaka shinge. A ƙauyenmu baƙo ya yi sallama a ba shi ruwa, a nan kuwa mutum yana da bindiga a bayan ƙofa kuma bai san ka ba, a 2023 a karkarar jihar New York an harbe wata budurwa har lahira don kawai motarsu ta shiga harabar gidan da ba shi suke nema ba. Yawancin manoman da na haɗu da su mutanen kirki ne, su ɗaga maka hannu daga kan tarakta, wani ma ya ce ku matso ku gani, amma bari shi ya kira ka. Sallah ma ka nemi wurin hutawar matafiya ko filin shaƙatawa na gari, kada ka shimfiɗa darduma a bakin gonar mutum. Kuma Satumba da Oktoba lokacin girbi ne, injin girbi yana cinye hanya gaba ɗaya, ka bi shi a hankali har ya ba ka hannu.

To wa zai je ina? In kana Kolombus ko Sinsinati, kwana ɗaya kake da shi kuma aljihu ba nauyi, Adams, ranar Asabar don shagunan Amish su kasance a buɗe, ka haɗa da tudun macijin ko da rabin allunan sun ba ka kunya ba ka yi asarar mai ba. In tsofaffi za ka ɗauka, ko jariri, ko kai sabon direba ne, ko kuma hoto kake so mai yawa mai kala, Shawano, kuma kada ka ce sai ka ga duka, zaɓi ɓangare ɗaya kamar wajen garuruwan Bonduel da Cecil ka yi ashirin ka tsaya. In ku biyu ne kai da madam ko abokai matasa, hannunka ya faɗa a tuƙi kuma dutsen kake so allon ƙari ne, Burnsville, kwana biyu, a Yuni in kana tsoron tsada a Oktoba in kana da hali. In kana Kanada ko yaranka ba za su zauna awa huɗu a mota ba sai an yi musu alkawarin ruwa, Prince Edward, a Yuni ko bayan an koma makaranta a Satumba. Shi ɗan'uwan da ya tambaya a Indiyanapolis yake, surukan nasa duka sun haura saba'in kuma Hajiyar ba ta son kwana-kwana, na ce masa ya ɗauki hutun kwana uku ya yi Shawano, ya yi lodin kilishi da dambun nama tun daga gida, ya kuma duba ko Packers suna wasa.